Maɓalli Ɗaya a Baƙin Gwangwani

Duk dangi Gwaggo ake ce mata, har waɗanda a lissafi ita ya kamata ta ce wa yaya. A wurin aiki kuwa Uwar Layi ce, wato shugabar masu ɗinki. Shekara ashirin da shida ta yi a wani kamfanin ɗinki da ke bayan tashar mota, inda ake ɗinka rigunan 'yan makaranta da na ma'aikatan asibiti. Ba tsufa ne ya raba ta da aikin ba, ba kuma ciwo ba. Yadda ta bar shi ne har yau idan ana zancensa a gidanmu sai a rage murya.

'Yar tela ce. Tana shekara tara ta fara taka keken mahaifinta, a tsaye, domin idan ta zauna ƙafarta ba ta kaiwa. Ta yi aure, ta haifi uku, mijinta direban babbar mota ya tafi wata tafiya aka dawo da gawarsa. Tana gama takaba ta ɗaure almakashinta a gefen zani ta je kamfanin neman aiki. Tsohon mai kamfanin bai tambaye ta takarda ba. Yankakken yadi ya miƙa mata, ya ce ta mayar masa da shi riga. Kafin ya gama shan shayinsa ta ajiye masa rigar a tebur.

Ɗakin da ta yi rayuwarta a ciki dogo ne, a saman bene, da tagogi shida a gefe guda. Kekuna goma sha huɗu ne, bakwai suna kallon bakwai. Kowace mace za a ba ta ƙullin yankakken yadi da safe, ita za ta haɗa kafaɗa, ta sa hannu, ta ɗora aljihu, ta kafa kwala, ta kalmashe ƙasa, ta sa maɓallai. Rigar da ta fita daga hannunka taka ce, ko ta yi kyau ko ta yi muni. Gwaggo tana da wani ɗan ɗinki da take ninkawa a ƙarƙashin kwala, wanda ba mai lura da shi sai ita. Sau da yawa takan tare ɗan makaranta a hanya, ta ɗaga masa kwala ta leƙa, yaro yana zare ido. In ta ga nata ne sai ta gyara masa wuyan rigar ta ce ya gaida babarsa.

Surutu kuwa ba a magana. Akwai wadda suke kira Rediyo, domin da ita ake buɗe tasha da ita ake rufewa. Akwai Amarya, wadda ta fara aiki sati biyu bayan bikinta, sunan ya bi ta har 'yarta ta fari ta isa aure. Sai Mai Tabarau, ƙawar Gwaggo, kekunansu suna kallon juna shekara ashirin. Ita ce idan ta zura zare ya ƙi shiga sai ta ce allurar zamani ce ba ta da tarbiyya, ba idonta ba ne. Da wannan hayaniyar suke fitar da aikin da ya fi na kowane sashe, har aka ɗora Gwaggo a kansu, tana ɗinkinta tana duba nasu.

Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da wurin ga wani babban kamfani da ke wani gari. Aka turo sabon manaja, mutum mai fara'a da tsabta, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Gwaggo har ta rasu ba ta yarda a zage shi a gabanta ba. Shi ya sa musu sababbin fankoki, ya kawo kujeru masu jingina, ya ajiye ruwan sanyi a bakin ƙofa. Shi ne kuma ya ce wannan tsari na mace ɗaya riga ɗaya ɓata lokaci ne. Aka juya kekunan duka suka kalli gaba, ɗaya a bayan ɗaya, aka raba rigar gida goma sha huɗu. Amarya hannun dama kawai. Rediyo aljihu kawai. Gwaggo, da yake hannunta ya fi na kowa, aka ba ta kwala, aka sa ta a can ƙarshe inda za ta riƙa ganin kowa.

Abin da take gani daga can ƙeyoyi ne guda goma sha uku.

Ba wanda ya hana su magana. Amma hira da ƙeyar mutum ba ta tafiya, ga aikin na bayanka yana jiran naka. A hankali ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar kekuna, wadda da ba a ma jin ta. Wata biyu na farko aiki ya ƙaru, manaja yana ta murna. Daga nan aikin ya fara ja da baya, har ya gaza na da. Riguna suka riƙa dawowa, wannan hannu a karkace, wannan aljihu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma ba a san wa za a tambaya ba, domin rigar ba ta kowa ba ce.

Manaja ya je wani taron ƙara wa juna sani, ya dawo da magana ɗaya a bakinsa: ma'aikacin da ke jin daɗin aikinsa shi ke yin aiki mai yawa. Ya ce babban ofis yana son ya san zuciyar kowa, kullum. Aka rataya labule a lungun da ke kusa da matakala, aka ajiye gwangwani biyu a bayansa, ɗaya an shafa masa farin fenti ɗaya baƙi, kowanne da 'yar tsaga a murfi. Idan an kaɗa ƙararrawar tashi, shugabar sashe za ta ba kowa maɓalli ɗaya. Ka shiga bayan labule kai kaɗai. In ka ji daɗin aikin yau ka jefa a fari, in ba ka ji ba ka jefa a baƙi. Da safe manaja zai buɗe a gaban shugabar, ya rubuta, ya aika.

Da farko abin dariya suka mayar da shi. Rediyo ta ce ita a kawo mata gwangwani na uku, na ciwon baya. Dariyar ta tsaya ne lokacin da masu guga na ƙasa suka cika baƙin gwangwaninsu wata uku a jere. Babban ofis ya rubuta cewa sashe ne mai matsala, aka turo mutane biyu da jakunkuna suka yi kwana uku suna tambayoyi, aka sallami rabinsu. Tun daga ranar kowa ya gane karatun. Duk kamfanin ya koma fari fat. Mutane suna wuce manaja a matakala suna murmushi har kunne, aiki kuma yana ci gaba da lalacewa.

Sai dai a sashen Gwaggo. Kullum da safe idan aka zazzage, goma sha uku a fari, ɗaya a baƙi.

Ba ya zama biyu, ba ya ɓacewa. Manaja zai karkata baƙin gwangwanin, maɓalli ɗaya ya gangaro kan tebur, ya yi 'yar juyawarsa ya kwanta. Gwaggo takan tsaya tana kallonsa, ranta yana ɓaci. Ita dai ta san nata fari ne. Me za ta ce ya dame ta? Ana biyanta a kan lokaci, ga fanka, ga kujera, 'ya'yanta sun girma da wannan aikin. Duk wadda take wannan abin, a ganinta, tana wasa da abincin mata goma sha huɗu.

Ana saura kwana goma sha biyu wata na uku ya cika da wannan maɓalli ɗaya a baƙi, manaja ya rufe ƙofar ofis ya ce ta zauna.

"Mama, ba na son abin da ya faru a ƙasa ya faru a sama," ya ce. "In mutum ɗaya ce, aka san ta, to matsalar mutum ɗaya ce, haka zan rubuta. In ba a san ta ba, matsalar sashe ce. Kin fi ni sanin matan nan. Ki nemo min ita."

Ta fara kiransu ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutun rana, a kan matakala. Ta yi lallashi, ta yi nasiha, ta ce duk wadda ce ta faɗa mata, ba za ta tozarta ta ba. Kowacce ta ce ba ita ba ce. Wannan bai ba ta mamaki ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne irin kallon da suke mata. Rediyo, wadda ba a taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba, ta buɗe baki ta mayar ta rufe. Amarya ta daɗe tana duban fuskarta kamar mai neman wani abu a ciki, sannan ta ce a hankali, "Yaya, da gaske kike tambayata?" Da Gwaggo ta tambaye ta ko ta ga alamar wasa a fuskarta, sai Amarya ta ja da baya, ta sauka matakala tana waiwaye.

Daga ranar abubuwa suka canza mata. In ta nufo inda suke cin abinci sai magana ta mutu. Tana ɗinki sai ta ji a jikinta ana kallonta, ta ɗaga kai ta ga ƙeyoyi kawai, ba wadda ta motsa. Wata ta daina karɓar maɓalli daga hannunta, sai dai ta ce ta ajiye a kan keke ta ɗauka. Wata kuma ta ji tana addu'a ƙasa-ƙasa lokacin da ta wuce ta bayanta.

Ta fara tunanin ko ba mutum ba ne. Goma sha uku sun ce fari suka jefa, ita ma fari, amma farin gwangwani goma sha uku yake bayarwa. Ta sa manaja ya riƙa kulle gwangwanayen a durowarsa da zarar an tashi. Da safe, ɗaya a baƙi. Wata rana da tsakar rana, kowa ya fita, rana ta cika ɗakin ta tagogin nan shida, ta je ta tsaya a gaban labulen. Fankoki a kashe suke, amma ƙasan labulen yana ɗan motsi. Ta yaye shi da ƙarfi. Ba komai sai bango, da ɗan tebur, da gwangwani biyu, da warin fenti. Ta tsaya a wurin, ba ta san dalili ba, ji take kamar ta shigo ɗakin wani da ya san ta, ita ba ta san shi ba.

Saura kwana huɗu ta yi abin da ta daɗe tana jin kunyar yi. Ta ɗauki reza ta zauna da maɓallai goma sha huɗu, ta yi wa bayan kowanne 'yar alama da ba a gani sai an karkata shi a haske. Kujera ta ɗaya zane ɗaya, ta biyu zane biyu, a haka har ta goma sha uku, ta haɗa da gicciye inda zanen ya yi yawa. Nata ta bar shi ba alama. Da yamma ta raba da hannunta, tana duba kowanne sau biyu.

Da safe maɓallin ya gangaro kan tebur kamar kullum. Ta ce wa manaja bari ta mayar da su cikin kwali. A matakala ta tsaya, ta juya bayansa, ta karkata shi a haske. Sumul yake. Ta zazzage sauran a tafin hannunta ta duba ɗaya bayan ɗaya. Goma sha uku, kowanne da alamarsa.

Ba ta iya cin abinci ba ranar. Ta ja Mai Tabarau zuwa bayan ginin, inda ake zubar da ƙyallaye, ta faɗa mata komai, har da rezar. Ta ce wata ce take musanya mata, ko kuma akwai abin da ke cikin ginin nan. Mai Tabarau ta cire tabaranta ta goge da bakin mayafi.

"Ke ce kike shiga ƙarshe," ta ce.

"To, sai me?"

"Mu muna tsaye a matakala muna gyara mayafi. Farin gwangwani ya riga ya ɗauki goma sha uku, in aka jefa a ciki ba ya ƙara. Baƙin kuwa ba komai a cikinsa. Kullum muna ji, 'yar uwa. Ƙwal. Sai ki fito kina murmushi ki ce mu je."

Gwaggo ta ce ƙarya ne. Mai Tabarau ba ta yi musu ba. Ta ce da farko daɗi suka ji, sun ɗauka ta ɗaukar musu ne, tana faɗin abin da su suke tsoron faɗa. Da ta fara kiransu matakala sun zaci don idon manaja take yi. Sai da Amarya ta dawo ta ce wallahi matar nan ba ta sani ba, sannan tsoro ya kama su. An rasa mai gaya mata. Kowacce ta ce Mai Tabarau ce za ta faɗa, ita kuma kullum sai ta ce gobe.

"Ni ina son aikina," Gwaggo ta ce. "Kin fi kowa sani."

"Na sani. Ni ma abin da ya hana ni magana ke nan."

Da aka kaɗa ƙararrawa ranar, ta raba maɓallai ba ta kalli kowa ba. Suka shiga suka fito. Ta shiga ta saki labule. A nan ne ta lura da wani abu: wata da watanni tana shiga wurin nan, amma ba ta iya tuna ko sau ɗaya da ta ga maɓallinta yana faɗawa. Tana tuna shiga, tana tuna fita. Tsakiyar babu.

Ta buɗe ido sosai. Ta dubi farin gwangwani, ta ce a ranta, nan. Ta ɗaga hannun dama. Hannun ya tafi a natse, ba rawa ba gaggawa, kamar yadda yake tura yadi ƙarƙashin allura, ya wuce farin, ya tsaya a kan baƙin. Tana kallonsa. Ga tabon da almakashi ya yi mata tun tana yarinya, ga zobenta, hannunta ne. Ba ta ji an ja shi ba, ba ta ji an riƙe shi ba. Yatsun suka buɗe.

Ƙarar ta cika lungun, ta fita har matakala. Ba ta taɓa jin ta ba sai ranar.

Da ta fito ba ta yi murmushi ba. Mata goma sha uku suna tsaye da mayafansu, ba mai motsi. Ta wuce ta tsakiyarsu ta sauka.

Washegari ba ta jira manaja ya buɗe gwangwani ba. Ta ce, "Yallaɓai, na samo ta. Ni ce."

Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba. Ya ce ko tana rufa wa wata asiri ne, ta ce a'a. Ya jawo takarda mai gidaje-gidaje, ya ce to ta faɗa masa abin da ke damunta, zai yi iya ƙoƙarinsa. Albashi ne? Ta ce a'a. Zafi, ko kujera, ko wani ya ci mata mutunci? Ta ce ko ɗaya. Yana karantowa tana girgiza kai har takardar ta ƙare. Ita kanta so take ta ji amsar. Ta dubi hannunta a kan cinyarta, sai ta ji bakinta yana cewa:

"Wata goma sha ɗaya ban ga riga ba."

Ya ce bai gane ba, ai riguna ɗari-ɗari suke fita kullum.

"Kwala nake gani, Yallaɓai. Ta zo, in ɗinka, ta wuce. Ban san jikin da aka sa ta ba. Ni tela ce."

Ya duba takardar gaba da baya, ya ce gaskiya babu gurbin wannan a ciki. Ta ce ta sani. Ya ce in ya rubuta sunanta, babban ofis ba zai bar shugabar sashe da irin wannan rahoto ba, sallamarta za su yi. In kuma tana so, ta daure kwana biyun da suka rage ta jefa a fari, ya san yadda zai yi da sauran.

Ta ce ba za ta iya yi masa alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Sai ta ji abin da ta faɗa, ta ce ya rubuta kawai.

Ya rubuta. Ba a turo masu jakunkuna ba, ba a taɓa ko ɗaya daga cikin matan ba. A ƙarshen watan aka ba Gwaggo takardar sallama da agogon bango, manaja ya raka ta har bakin titi yana ba ta haƙuri. Sashen ya ƙara shekara shida a haka. Mai Tabarau, da take zuwa gaishe ta duk ƙarshen mako, ta ce tun daga ranar ba a sake samun ko ɗaya a baƙi ba, har an manna musu takardar yabo a bango. Aikin dai bai taɓa komawa yadda yake ba, kuma har aka rufe sashen manaja bai daina mamaki ba.

Gwaggo ta sa keke a barandar gidanta. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana ɗinka wa unguwa da dangi, riga ɗaya daga yanka har maɓalli, ba ta yarda kowa ya taya ta ko da kalmasa. Ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo. Abu ɗaya ne bai bar ta ba. Duk wanda ya gaishe ta ya ce, Gwaggo, ya jiki, ya aiki, ba ta amsawa nan take. Sai ta sunkuyar da kai ta dubi hannunta na dama, ta ɗan jira. In ya zauna shiru a inda yake, sannan ta ɗago ta ce lafiya lau.